Gaurakan Tsohon Zane a Shagon Mai Firam a Yamai

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Daga Yamai nake magana da ku, kuma yau ba kasuwar Katako muka nufa ba, ba bakin kogi ba. Muna shagon wani dattijo mutumin Tawa mai haɗa firam, shi ya sa kuke jin ƙarar zarto a bayana. Baba, ga mutanen gida can Najeriya suna kallo. Yawwa, ya ce a gaishe ku da kyau.

Bari in warware wannan naɗin a hankali. Ku duba. Gauraka ne. Ga tukkun nan ruwan zinariya, ga goshi baƙi wuluk, ga kunci fari da ɗan ja. Ba kyamara ce ta ɗauka ba. Kwafi ne na wani zane da aka yi a Faransa kusan shekara 250 da suka wuce. Wani masani mai suna Buffon, wanda ya shugabanci lambun sarki a Faris, shi aka zana wa tsuntsayen duniya domin littafinsa, mai zanen kuwa François-Nicolas Martinet. An fara fitar da su a 1765, sai da suka kai zane 1,008, kusan duk tsuntsaye ne.

Ya kamata ku san yadda ake yin su a da, don kada wani ya yi muku rufa-ido. Mai zane zai fara yi da fensir da fentin ruwa, takarda guda ɗaya tak. Daga nan a sassaƙa zanen a jikin farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a matse shi kan takarda, ya fito baƙi da fari. Sai kuma ma'aikata su zauna da buroshi suna cika launi da hannu, takarda bayan takarda. To kun ga akwai asalin zanen, akwai tsohon bugun da aka yi wa launi da hannu, akwai kuma kwafin zamani da inji ya buga. Nawa kwafin zamani ne. Duk wanda ya nuna muku irin wannan ya ce tsohon bugu ne, ku shafa gefen zanen da yatsa. Tsohon bugu yana da ɗan kwarmin da bakin farantin ya bari a jikin takarda.

Wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne John James Audubon. An haife shi a 1785 a ƙasar da yau ake kira Haiti, ya tashi a Faransa, ya koma Amurka. Tsuntsayen Amurka ya zana, zane 435, aka buga su tsakanin 1827 da 1838, yawancin sassaƙar kuma Robert Havell ne ya yi a Landan. Ya nace sai kowane tsuntsu ya fito daidai girmansa, don haka takardar ta kusa mita ɗaya a tsawo, masu dogon wuya kuwa sai da ya lanƙwasa musu wuya har ƙasa kafin su shiga. Asalin zanukansa na fentin ruwa suna wani gidan tarihi a birnin New York, an saye su a hannun matarsa a 1863. A 2010 an yi gwanjon cikakken kundi guda a Landan, aka saye shi fam miliyan 7.3. Ina ganin girman aikinsa, amma ba zan ɓoye muku ba: mutumin ya mallaki bayi, kuma tsuntsayen nan harbe su yake yi, ya tokare su da waya, sannan ya zana.

Baba, don Allah maimaita abin da ka faɗa mini ɗazu da ka ga gaurakan nan.

"Ɗana, wanga tsuntsu matacce na anka zana shi. Gauraka ba ya tsayi ƙiƙam kamar sanda. Ka gane shi bakin tabki yana taku, yana rawa, sannan ka san gauraka."

Kun ji. Baba bai karanta tarihin zane ba, amma ya taɓo ainihin wurin. Yawancin tsuntsayen Afirka da ke cikin tsofaffin littattafan Turawa, masu zanen ba su taɓa ganin su a dajinsu ba. Fata ake feɗewa, a busar, a cusa mata auduga, a sa a akwati zuwa Turai. Gashi yana riƙe launinsa, amma fatar fuska da ƙafafu da ido duk dusashewa suke yi. Ku ɗauki shamuwa, wadda zuwanta ke shaida wa manomi damina ta ƙarato. Lokacin da take sheƙa a kan bishiyoyin gari, fatar gindin bakinta shuɗiya ce, gaban idonta ja, gwiwoyinta da tafin ƙafarta su ma ja. Wanda busasshiyar fata kawai aka miƙa masa, ina zai ga wannan? Kuma ta hanyarmu aka bi da irin waɗannan akwatunan. A 1920 wani ɗan Sikotlan, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram zuwa Agadas da duwatsun Ayar, yana tara tsuntsaye domin gidan tarihin Rothschild da ke Tring a Ingila.

Duk da haka ina son zanukan nan, domin mai zane yana nuna abin da kyamara takan haɗiye: jerin gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, tsagin baki, yawan yatsu. Bari in matso da kyamarar. Kun ga siraran layukan nan a wuya? Sawun ƙarfen mai sassaƙa ne. Kun ga inda ruwan fenti ya ɗan zarce layi a gefen fiffike? Hannun wani ma'aikaci ne da ba a rubuta sunansa ba. Kwafi mai kyau shi ne wanda ya bar waɗannan abubuwa yadda suke, har da jajayen ɗigon tsufa a jikin takardar.

Ga mai son yin nasa, tsofaffin zanukan ba su da sauran haƙƙin mallaka, ana sauke su kyauta a taskar intanet ta Biodiversity Heritage Library. Ku ɗauko mafi nauyi, ba wanda ya biyo ta WhatsApp ya matse ba. A wurin bugawa ku tambayi irin tawadar. Akwai mai rini, tana da arha, rana tana cinye ta da sauri. Akwai mai garin launi, ita ke daɗewa. Takarda kuma ta auduga, marar sheƙi, domin fentin ruwa ba ya ƙyalli.

Sauran aikin na Baba ne. Ku kalli wannan kwalin da ya yanka wa taga. Shi ke raba takarda da gilashi, in ba haka ba danshin damina ya manne su wuri guda. Bayan firam ɗin kuma yana like shi ruf, saboda ƙurar hunturu da gara. Kada a rataye inda rana ke bugawa, balle ranar Yamai ta watan Afrilu.

Na san wasu za su yi maganar rataye hoton mai rai a ɗaki. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Ni dai ajin yara na nufa da wannan. Gauraka shi ne tsuntsun ƙasa a Najeriya, amma ya yi ƙaranci ƙwarai saboda ƙafewar fadamu da kama shi da ake yi ana sayarwa, har yara da yawa a Katsina sunansa kawai suka sani. Na ba da a buga shamuwa da burtu da balbela su ma, kowanne Baba zai bar fili a ƙasan kwalin don malamin aji ya rubuta abin da yake ci da lokacin da ake ganin sa.

Baba ya ce in damina ta ja baya in shirya mu je tafkin Tabalak, can gaba da Tawa, ya nuna mini tsuntsayen ruwa da idona. In Allah ya yarda da kyamara zan tafi. Baba, Allah ya ƙara girma, yaushe zan dawo in karɓa? Jibi bayan La'asar. To madalla. Sai mun haɗu, 'yan'uwa.