Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni a Ranar Wasan Ƙarshe na Kofin Unguwanni, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, babban baƙonmu, da 'yan rakiyarsa. Iyayenmu hakimai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamai, masu horarwa, alƙalan wasa, da ku 'ya'yanmu da kuka yi sahu cikin rana. Yallaɓai, sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san ayyuka sun yi maka yawa, amma ka ture su ka tako wannan fili mai ƙura. Allah ya saka da alheri.

Yallaɓai, shekaruna sun haura sittin, rabinsu a bakin layi na yi su da usur a wuya. A yi mini uzuri in na ɗan taɓo tarihi, domin yaran nan sun haddace sunayen 'yan wasan Turai amma ba su san daga inda tamaular ta taso ba.

Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce mutanen Sin na buga wani wasa, cuju, da ƙwallon fata da aka cusa wa gashi. A Ingila kuwa gari guda ke fitowa ya kara da wani gari, ba layi, ba alƙali, ba adadin 'yan wasa, sai ture-ture da karaya, har aka haramta wasan a birnin Landan a 1314. Ranar 26 ga Oktoba 1863 ce wakilan wasu ƙungiyoyi suka zauna a Landan suka kafa hukumar ƙwallo, suka shiga rubuta dokoki. Gardama ta kaure kan abu biyu: ɗaukar ƙwallo a hannu a ruga da ita, da harbin ƙaurin abokin karawa. Waɗanda suka ce sai an bar musu waɗannan suka fice, a 1871 suka kafa tasu hukumar ta zari-ruga. Uwa ɗaya ta haifi wasannin biyu. Bugun fanareti sai a 1891 ya shigo, FIFA a 1904, katin gargaɗi da jan kati kuma sai a gasar duniya ta 1970.

Abin da nake so a riƙe ke nan. Mu ma nan da ƙwallon tsumma muka fara, mu ɗaure ta da zare, mu ajiye silifa biyu su zama raga, in ta faɗa gidan mutane mu tura ƙaramin cikinmu ya yi sallama. Muna da langa tun kaka da kakanni, da ruwanta da dokinta da dokokinta. Turawa ba ƙafa suka fi mu ba. Zama suka yi suka tsara, suka rubuta, suka keɓe fili suka ce wannan na wasa ne, kada kowa ya taɓa.

A shekarar da aka kafa FIFA aka buga wasan farko da tarihi ya ajiye a ƙasar nan, a Kalaba, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙin Ingila. A 1949 tawagarmu ta je Ingila, akasarin 'yan wasan ba takalmi, da su Teslim Balogun. Daga nan zuwa kofin Afirka na 1980, da zinaren Atlanta na 1996 da aka doke Ajantina 3-2, kowa ya san labarin.

Amma na gida ya fi daɗin faɗa. A 1998 Wikki Tourists ta ɗauko kofin ƙalubale ta kawo Bauchi bayan ta fitar da Plateau United a bugun fanareti. Shekara guda bayan haka aka kawo gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 filin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ina cikin 'yan kallo ranar da Japan ta ci Ingila 2-0. Jikokin waɗanda suka rubuta dokar, a garinmu, a gaban idonmu! Na koma gida a ƙafa, ina ta faɗa wa kaina cewa ashe ƙwallo ba gadon kowa ba ce. A 2009 aka sake dawo mana da ta 'yan ƙasa da shekara 17.

Yallaɓai, ga kukanmu. Filayen da muka taso muna bugawa, ɗaya bayan ɗaya sun zama shaguna da gidaje. Wannan da muke kai ba shi da takarda, ba shi da katanga; da damina rabinsa tafki ne. A gasar nan wani yaro, mai tsaron gida, ya faɗi kan dutse ya tsage gwiwa. Da rawanin wani dattijo muka ɗaure, a bayan babur muka kai shi asibiti. Yana nan zaune a gefen hagunka da sanda, ya ƙi yarda a bar shi a gida.

Muna roƙo a yi wa filin nan takarda da sunan wasa, a kewaye shi, a share duwatsun. A taimaka mana da horon alƙalan wasa, domin yawancin rigimar da ake yi a unguwanni daga hukuncin da ba a fahimta ba take tashi. Akwatin magani ma ko guda biyu ne zai rage mana fargaba. Ƙwallaye da riguna za mu ci gaba da yin karo-karo mu saya, kamar yadda muka saba.

Ga ƙungiyoyin biyu can sun shirya, alƙali na jira. Muna gayyatar mai girma Kwamishina ya sauko ya gaisa da 'yan wasa, ya buga mana ƙwallon farko. Allah ya sa a tashi lafiya, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.