Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Ramukan Tama

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar farko daga Alkaleri ta fito. Mai wasiƙar ya ce a tudun bayan gonarsu akwai tsofaffin ramuka da tarin baƙaƙen duwatsu masu huji-huji, dattawa kuma sun ce nan ake haƙar tama a da. Yana son sanin yadda ƙarfe ya samu a wurin, da yadda ake fitar da shi.

To Malam, ƙasar da ta taso daga Alkaleri har Dukku yawanci dutsen yashi ce da yumɓu. Shekaru aru-aru ruwan damina yana ratsa ta, yana wanke sauran ma'adinai, ƙarfen kuma ya taru a sama, rani ya zo ya daskarar da shi. Wannan ɓawon shi ne marmara, kuma ɓangarensa mai nauyi shi ne tama. Ka goga gutsurensa a bayan tayil: in ya bar jan layi, irin da ake kira hematayit ne, wanda tsantsarsa ke da ƙarfe kusan kashi 70 cikin 100, ko da yake ta marmara ba ta kai haka ba. Kada ka yi mamaki in maganaɗisu bai kama shi ba, baƙar tama ce ke kamawa sosai.

Da dagi ake fasa ɓawon, a farfasa tamar kamar girman goro, a gasa ta don danshi ya fita. Sai a jera ta a murhun yumɓu, shimfiɗar gawayi, shimfiɗar tama, galibi gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa. Iska na shiga ta bututun yumɓu a gindin murhun. Zafin yakan kai wajen digiri 1,200, alhali ƙarfe sai a 1,538 yake narkewa. Kenan dattin ne ke narkewa ya gangara, shi ne baƙin dutsen da ka gani, kashin maƙera. Ƙarfen kuwa dunƙule yake fitowa, sai an yi ta bugunsa da zafinsa. In gawayi ya jiƙe ko murhu ya tsage, wuta ta yi sanyi, ƙarfen ya bi kashin, aikin ya tashi a banza. Akwai ragowar irin waɗannan murahu a dajin Yankari.

Wata baiwar Allah daga Dukku ta tambaya ko yara za su iya shiga irin ramukan. Don Allah, Hajiya, a hana su. Saman marmara ne mai tauri, ƙarƙashi yumɓu mai laushi, da ya sha ruwa sai rufin ya rufta. Gurɓatacciyar iska kuma tana kwanciya a ƙasan rami ba wari ba launi, mutum ya suma kafin ya yi ihu. A kewaye bakin da ƙaya.

Akwai kuma tambaya daga Gombe, ko za a iya sake buɗe wurin a ci gaba da haƙar tama: dokar ma'adinai ta 2007 ta ce ma'adinan ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, sai da lasisi. Ɓawon kuma siriri ne, ya ishi maƙeran gari, amma bai kai a kafa masa masana'anta irin ta Itakpe a Jihar Kogi ba.