Farautar elk a tsaunukan Amurka: bayan harbi ake fara wahala

Jama'a assalamu alaikum, yau tsaunukan Rocky za mu leƙa a yammacin Amurka, wajen su Kolorado da Montana da Wayomin da Aidaho, inda duk shekara daga watan Satumba mutane ke goya jaka su shige daji kwana da kwanaki suna neman wata dabba da ake ce mata elk. Dangin barewa ce amma fa ku cire ƴar barewar nan siririya daga ranku, a girma ta fi kusa da gwanki, namijin yana kai kilo 300 har ya wuce, ga ƙaho mai rassa wanda duk shekara sai ya zubar da shi wani sabo ya fito.

Kolorado ce ta fi ko'ina yawansu, kusan 300,000. Amma wajen shekarar 1900 saura ƙiris a ƙarar da su, a duk Amurka ba su kai 100,000 ba saboda masu kashewa su kai kasuwa. Shi ya sa yanzu doka ta yi tsauri, naman dawa ba a sayar da shi, kuma akwai harajin kashi 11 cikin ɗari a kan bindigogin farauta da harsashi, tun 1937 kuɗin wannan haraji ake kula da namun daji da shi. Sai ka sayi lasin, wasu wuraren ma ƙuri'a ake jefawa, mutum ya yi ta shiga shekara da shekaru sunansa bai fito ba, in kuma kai ba ɗan jihar ba ne to ka tanadi ɗaruruwan daloli.

To ka samu lasin, sai tafiya. Dajin da ake magana akwai wuraren da dokar 1964 ta hana shiga da mota ko babur, ko keke ba a yarda ba, ƙafarka ce ko doki ko alfadari. Tsawon wurin yana kai mita 3,000 daga teku, wanda bai saba ba taku goma zai yi ya tsaya yana haki kansa na sarawa, ga tanti da abinci da ruwa duk a bayansa, da rana zafi da dare sanyi mai shiga ƙashi, wani lokacin dusar ƙanƙara ta sauko tun Satumba bai fita ba.

Satumban nan lokacin barbara ne, namiji yana wani irin kuka mai kama da fito ya ƙare da gurnani, yana tara matansa yana gargaɗin sauran maza. Masu kwari da baka sai su busa wani bututu suna kwaikwayonsa, shi kuma ya taho a fusace yana neman wanda ya raina shi. Sai ya matso kamar mita 30 ko 40 kafin a saki kibiya. Babban abokin gaba a nan iska ce, don hancin elk ba ya wasa, da asuba iska mai sanyi gangarowa take yi ƙasa, rana na ɗagawa sai ta juya ta hau sama, in ka kuskure ka bi ta inda za ta kai musu warinka shikenan, garken ya tsallake tsauni ka sake sabon lale. Mafi yawan masu lasin haka suke komawa gida hannu Rabbana. Akwai kuma wata barewa mai manyan kunnuwa irin na alfadari da ake farauta a can, ita zama ake yi a kan tudu da tabarau mai hangen nesa tun duku-duku, a ga inda ta kwanta sannan a lallaɓa. Lokacin bindiga yana zuwa daga baya, a Kolorado dole ka sa riga da hula ruwan lemo mai ƙyalli ko ruwan hoda don kada wani maharbin ya ɗauke ka dabba.

Yanzu a ce Allah Ya ba ka sa'a ta faɗi. Kana kilomita 8 ko 10 daga inda ka bar mota, ga dabba mai kilo 300 kwance a gangare, ko juya ta mutum ɗaya da ƙyar yake yi. Nan take za ka feɗe, da yawa ma ba sa farka cikin, sai su cire cinyoyi biyu da kafaɗu biyu, su zare naman gadon baya da na wuya, a zuba a buhunan yadi masu shan iska a rataye a inuwa, don in zafin jikin bai fita da wuri ba tun daga jikin ƙashi naman zai fara ɓaci. Naman babban namiji ko an cire ƙashi yana kusan kilo 100, wato sawu uku ko huɗu kenan, ka kai ka dawo ka sake ɗauka, wasu kwana biyu suke yi suna jigila gwiwa na rawa. Kuma ba zaɓi ba ne, a Kolorado ka yanke kai da ƙaho ka bar nama a daji babban laifi ne da zai iya kai ka gidan yari, ni dai wannan dokar ta burge ni. Har alamar namiji ne ko mace sai ka bari a jikin cinya ɗaya saboda jami'an gandun daji in sun tare ka.

A Montana da Wayomin da Aidaho kuma akwai wata matsalar, wata ƙatuwar dabba mai haɗari, irin beyar da ake ce wa grizzly, tana jin warin jini daga nesa, sai ka dawo ɗaukar sawu na biyu ka tarar ta riga ka, shi ya sa suke janye naman nesa da gawar su rataye shi can sama, suna tafe da gwangwanin feshin barkono a ƙugu. In an fito da shi ma akwai yankunan da ake kai kan a gwada saboda wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, in an samu tana da ita hukuma cewa take kada a ci naman.