Sharhi: Abin da Korona Ta Koya wa Fasinja

Jama'a masu sauraro, ranar 30 ga Maris, 2020 aka rufe Legas da Abuja saboda cutar korona, Kano ma ta bi sahu a watan Afrilu. Da aka fara sassautawa ranar 4 ga Mayu, sharaɗin da aka gindaya wa motocin haya a Legas shi ne kada lodi ya wuce kashi 60 cikin 100. Wato bas mai kujera 18 ta ɗauki mutum 10.

A takarda abin ya yi kyau, amma a tasha lissafi ya ƙi. Man da mota ke sha bai ragu ba, kuɗin 'yan kamasho bai ragu ba, shi kuma ɗan A Daidaita Sahu, wanda ya ba shi mashin na jiran balas ɗinsa da yamma. To wa zai biya kujerar da aka bari? Fasinja. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ma da ya dawo aiki a ƙarshen Yulin shekarar, da rabin kujeru ya dawo, kuɗin tikiti kuwa ya kusan ninkawa. A cikin gari sai wata dabara ta ɓullo: direba ya rage lodi har ya wuce shingen jami'ai, yana shan kwana ya cika motar maƙil, kuɗin da ya ƙara kuma ba ya sauka.

Don haka fasinjan da ya fahimci abin ya daina dogaro da tazarar mita ɗaya, wadda ba a hannunsa take ba, ya koma ga abin da yake da iko a kai. Na farko iska. Cutar tana bin numfashi ne, tana taruwa inda iska ba ta fita. Gilashi ɗaya a buɗe bai isa ba. A zuge na gaba da na baya, ɓangare biyu, iska ta shiga ta fice. Shi ya sa keke mai ƙafa uku, duk da gwamutsin kafaɗa, ya fi ƙaramar mota mai sanyi da aka rufe ruf, muddin ba a saki labulen leda ba.

Sai lokaci. Minti goma a cikin mota ba ɗaya yake da awa biyar daga Kano zuwa Abuja ba. Masu hali sun sauya lokacin fita don kauce wa cunkoson safe da na la'asar, gajeriyar tafiya kuma aka koma takawa.

Takunkumi kuwa, nan ne aka fi tafka kuskure. A lokacin za ka ga mutum ya sa shi tsaf a bakin tasha, yana zama ya sauke shi haɓa don ya amsa waya ko ya yi cinikin kuɗin mota da kwandasta, alhali magana da ƙarfi ce ke fitar da tururin baki mafi yawa. Takunkumin da gumi ya jiƙa ba ya tace komai sosai, a riƙe na biyu a aljihu. Man tsaftace hannu dole sinadarin alkohol ɗinsa ya kai kashi 60, na bakin titi da aka sirka da ruwa ƙamshi kawai yake sayarwa. A tanadi canji daidai tun daga gida, in an sauka a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin a taɓa ido ko hanci.