Buhu Nawa Ka Samu, Kuma Nawa Kowane Buhu Ya Ci?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma da makiyaya. Tun da farashin masara ya karye a shekarar 2025, tambaya ɗaya ake ta yi a majalisa da gidajen rediyo: yaya mutum zai cika rumbu, ya sayar, amma damina ta zagayo ba shi da kuɗin taki? Wasu na ɗora laifin a kan damar kwana 150 da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yulin 2024 ta shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji. Wannan ya taɓa kasuwa, babu shakka. To amma akwai wani lissafi da ke hannunmu, kuma a nan ne akasari ake tuntuɓe.

Tsarin kasuwancin gona ba wani abin tsoro ba ne. Me za ka noma, a gona mai girman nawa, wa zai saya, yaushe, ina jarin zai fito. Waɗannan duk kun san su. Mu tsaya a kan guda ɗaya: nawa buhu ɗaya ya ci kafin ya isa kasuwa?

Mu ɗauki littafin lissafin wani manomi. Misali ne kawai, kowa ya sa farashin garinsu. A ce hekta ɗaya ta masara. Taki buhu 6, naira 300,000. Maganin ciyawa da feshi, 40,000. Huɗa, 50,000. Girbi, casa, buhuna da dako, 60,000. Jimla 450,000. Allah Ya ba da buhu 20, kasuwa tana 30,000, ke nan 600,000. Malam ya cire wannan daga wancan, ya ce alhamdulillahi, ribar 150,000.

Dakata, Malam. Abin da ka rubuta shi ne kuɗin da ya fita daga aljihunka. Akwai wanda gona ta ci ba tare da ya bi ta aljihu ba.

Irin da ka ɗebo a rumbu, da ka kai kasuwa da kuɗi ne. Sa 15,000. Gonar gado ce, na sani, ba wanda ya karɓi haya a hannunka, amma da ka bayar da ita haya da ka karɓi, a ce, 60,000 kana zaune a inuwa. Takin gida da ka kwasa daga turken dabbobi, har da kuɗin amalanke, 20,000. Sai babban: guminka. Shuka, noman farko, maimai, zuba taki, kai da yaranka. Da 'yan ƙodago suka yi, nawa za ka biya? Sa 75,000. Idan gayya ka kira, tuwo da fura da goron da aka ci su ma a rubuta. 'Yan gayya dai ba su san wasa da akushi ba.

Ga shi nan ya hau: 170,000. Haɗa da na farko, 620,000.

Yanzu buhunan. Gonar damina, zakka ɗaya bisa goma ce idan an kai nisabi, wato buhu 2 cikin 20. Wannan haƙƙin Allah ne, ba asara ba, amma ba za ka kai su kasuwar hatsi ta Dawanau ba, saboda haka abin da ya rage maka 18 ne. Raba 620,000 gida 18. Kowane buhu ya ci kusan 34,500. Ka sayar a 30,000, ka ga a kowane buhu ka yi kyautar kusan 4,500, kana murna.

Nan wasu za su ce, ai ba a biyan mutum don ya yi wa kansa aiki. Ni kam ban yarda ba. Watannin nan da ka yi a duƙe, da dako ka yi ko gini ko acaɓa, da an biya ka. Idan ba ka sa wa ƙarfinka farashi ba, ladan ƙodagonka ne kake kira riba, kuma a hankali uwar kuɗi kake ci. Wannan ne ke sa magidanci ya shekara ashirin yana noma, ba ya sata, ba ya almubazzaranci, amma kullum kaka ta wuce sai bashi. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutanen nan ba ragwaye ba ne.

Masu kiwo, ba ku tsira ba. Inna, ragon da kika turke don layya: kin rubuta kuɗin saye, amma dusa fa, harawa, kowar wake, allura, kamashon dillali? Idan raguna biyar kika ɗaure, ɗaya ya mutu, kuɗinsa a kan huɗun zai hau. Mai rani kuma, injin ban ruwa yana tsufa. Raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi aiki, kowace shekara ta ɗauki nata, ban da fetur.

Amfanin wannan lamba, 34,500, shi ne a san ta tun kafin shuka, da ƙiyasi. Da ita za ka gane ko bana masara ce ko waken suya ko dawa da ba su cin taki kamar masara. Da ita za ka yanke shawarar sayarwa da kaka ko ajiya, bayan ka ƙara kuɗin buhunan ajiya da ramewar hatsi. Da ita kuma za ka auna rance. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, mun ga yadda biyan bashin noma ke yi wa mutane da yawa wuya. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka san buhu nawa za su tafi wajen biya.

Littafin 'yan makaranta da biro sun isa. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ko 'yarsa su riƙa rubuta masa duk yamma, a ranar da aka kashe kuɗin, domin bayan wata uku ba mai tunawa. Idan lissafin ya rikice, a nemi malamin gona na yanki, na hukumar KNARDA ga mutanen Kano, ko na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiharku, a je masa da littafin a hannu.