Ƙofofin Fotasiyam da Yadda Tsokar Ɗan Adam Take Ginuwa

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Zaren tsoka guda ba daga ƙwaya ɗaya yake fitowa ba. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu suna mayoblas suke jeruwa, su narke cikin juna, su zama dogon zare mai cibiyoyi da yawa. Haka ake yi tun jariri yana ciki. Haka kuma ake yi wa babba in tsokarsa ta yage: ƙwayoyin ajiya da ke kwance a gefen zaren, waɗanda Alexander Mauro ya bayyana a 1961, su farka su hayayyafa su cike gurbin. To, me ke ba su izinin haɗewa?

Ku ɗauki fatar ƙwaya tamkar ganuwar birnin nan, ba shiga ba fita sai ta ƙofa, kowace ƙofa kuma da wanda take bari ya wuce. Fotasiyam, wani sinadari mai ɗauke da cajin lantarki, a cikin ƙwaya ya kai kusan milimol 140 a lita, a jini kuwa 3.5 zuwa 5 ne kacal. Da an buɗe masa ƙofa sai ya yi waje da cajinsa, cajin cikin ƙwayar ya ƙara yin ƙasa da sifili, har wajen milibolt -90 in ba abin da ya tare shi.

Laurent Bernheim da abokan aikinsa a Jami'ar Janiba sun auna wannan cajin a ƙwayoyin ɗan Adam. Mayoblas mai hayayyafa tana zaune wajen milibolt -8. In lokacin haɗewa ya gabato, sai wata ƙofar fotasiyam mai suna EAG ta saukar da ita kusan -32, sannan wata ƙofar fotasiyam ɗin mai suna Kir2.1 ta kai ta kusan -65. Kir2.1 ɗin nan ita ce uwa uba. Tana nan a fatar tun da farko, a kulle, da wani ɗan sinadari, fosfet, maƙale a wani gurbi na jikinta da ake kira tairosin na 242. Cire fosfet ɗin shi ke buɗe ta, cikin sa'o'in farko na shirin haɗewa.

Ku lura da kyau, nan ɗalibai suka fi rikicewa. Saukar ba don kanta ake yin ta ba, kalsiyam ake yi wa hanya. A -8 ƙofofin kalsiyam nau'in T a daskare suke, ba sa buɗuwa. A wajen -65 kaɗan daga cikinsu na zama a buɗe, ga kuma cajin ciki yana janyo kalsiyam da ƙarfi. Wannan ɗan tsiyayar shi ke tayar da wani furotin mai suna kalsinurin, daga nan mayojenin da MEF2, furotin masu kunna aikin gina tsoka, su kama aiki, ƙwaya ta daina rabuwa ta nemi 'yar'uwarta. Aka toshe Kir2.1 da sinadarin siziyam, ko aka hana ƙwayar ƙera ta, haɗewar sai ta ja baya sosai.

Ga mai son gwadawa a ɗakin bincike: ana renon ƙwayoyin a zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, a ruwan reno mai ruwan jini kashi 15 zuwa 20. Kafin su cika faranti sai a sauya musu ruwa mai kashi 2 ko ƙasa. Cikin kwana biyu zuwa uku za ka ga zaruruwa. Wuta ta ɗauke aka makara da janareta, iskar kabon ta tsere, ruwan ya rine ya koma shunayya, to aikin ya tashi. Ka kuma kula da awon gishirin fotasiyam. In na waje ya kai milimol 30, ko ƙofa ta buɗe ƙwayar ba za ta sauka ƙasa da wajen -40 ba, ka zauna kana zargin ƙwayoyin alhali ma'auninka ne.

Ku da za ku shiga asibiti, a Aminu Kano ko Murtala, ga naku rabon. A 2001 aka gano cewa tangarɗa a KCNJ2, wato ƙwayar halittar gado da ke ƙera Kir2.1, ita ke jawo ciwon Andersen-Tawil: jiki ya mutu lokaci-lokaci ya dawo, bugun zuciya ya rikice, ga ƙaramar haɓa da karkatattun yatsu. Yaron da aka kawo muku ƙafafunsa na saki bayan guje-guje ko bayan ya cika ciki da tuwo, a auna fotasiyam ɗinsa yayin da abin ke kansa, a kuma ɗauki awon bugun zuciyarsa kafin a sallame shi.