Amsoshin Tambayoyinku: Thor, gudumarsa da matan da ya so

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi, tana cewa: "Shin kamfanin Marvel ne ya ƙirƙiro Thor na mujallun labarin zane, kuma wace ce matarsa?"

Malama, Thor ya girmi Marvel da ɗaruruwan shekaru. Abin bauta ne na mutanen arewacin Turai kafin Kiristanci ya je musu, kuma kaso mai yawa na labarinsa ya zo mana ne ta littafin Edda, wanda Snorri Sturluson ya rubuta a tsibirin Ayislan wajen 1220. A tsoffin labaran jan gemu gare shi, matarsa kuwa Sif ce mai gashin zinariya.

A 1962 Stan Lee da Larry Lieber da Jack Kirby suka fito da nasu Thor a mujallar Journey into Mystery, fitowa ta 83. Suka aske masa gemu, suka ɓoye shi a jikin wani gurgun likita, Donald Blake. A fitowa ta gaba sai ga Jane Foster, nas ɗin da ke aiki da shi. Nan rikicin soyayyar ya samo tushe, domin Odin, mahaifin Thor, ya ƙi yarda ɗansa ya auri 'yar Adam mai mutuwa. Sif ta Marvel, mayaƙiya mai baƙin gashi, ita ta maye gurbin Jane bayan an raba su.

Sai wani matashi daga Kumasi, mai koyon zane, yana tambayar yadda zai haɗa faɗa da soyayya labarinsa bai lalace ba.

Ɗan'uwa, inda masu farawa ke faɗuwa shi ne su mai da budurwa kayan sata: mugu ya ɗauke ta, jarumi ya ceto ta, wata mai zuwa a maimaita. Kafin a je ko'ina mai karatu ya gaji, don babu abin da jarumin ya rasa. Dubi Freyr, wani abin bautar, a tsohuwar tatsuniyar. Ya hango Gerd, 'yar ƙattai, so ya kama shi har ya ba baransa Skirnir takobinsa ladan zuwa neman masa aurenta. Ya samu matar, amma ranar yaƙin ƙarshe, Ragnarok, Surt, ƙaton wuta, ya kashe shi saboda babu takobin a hannunsa. Marubuci Jason Aaron ya bi irin wannan hanya daga 2014: Jane ce ta ɗauki gudumar Thor, Mjolnir, alhali tana fama da sankarar mama, kuma duk rikiɗar da ta yi zuwa Thor sai ta wanke maganin asibiti daga jikinta, cutar ta ƙara ci. A ganinmu wannan ne mafi ƙarfin abin da aka rubuta a kanta. Don haka kafin ka ɗauki fensir, rubuta a layi ɗaya abin da son zai ci wa kowannensu.

Ga ma'auni. Fitowa ɗaya takan kai shafi 20 zuwa 22, kowane shafi gida biyar ko shida, wato akwatunan zane. Kada kalmomin da'irar magana ɗaya su wuce 25, in ba haka ba rubutu zai danne zane. Faɗa yana son manyan gidaje. Hirar masoya kuwa ƙananan gidaje a jere, a matso da fuska da hannuwa, a bar gida ɗaya ba magana. Abin mamaki, kamar tonuwar asirin jarumi, ka ajiye shi a shafin hagu, wanda ba a gani sai an juya takarda. In ka sa shi a dama, ido zai riga karatu isa wurin.

Sauran wasiƙun sai a shiri na gaba, da yardar Allah.